Tarihin Maganin Cututtukan Fata a Nijar: Daga Kuturta zuwa Ƙyasbi

Fata ita ce sashen jikin ɗan Adam da ba ya iya ɓoye ciwonsa. Mai ciwon hanta ko na ƙoda yana iya shiga kasuwa ya fito babu wanda ya san halin da yake ciki, amma wanda tabo ya fito wa a fuska, ko yaron da makero ya cinye wa gashin kai, duk wanda ya dube shi ya gani. Saboda haka cututtukan fata a ƙasar Hausa sun daɗe da shiga zancen aure, da zaman maƙwabtaka, da mutuncin gida. A yau akwai likitocin da suka ƙware kan fata da gashi da farce, suna duba marasa lafiya a Yamai da wasu manyan garuruwan ƙasa. Wanda ya bi sawun wannan sana'a a Nijar zai tarar cewa daga yaƙi da kuturta ta samo asali. Wannan asali ya bar mata gado iri biyu: ƙwarewar ido wajen rarrabe tabo da tabo, da kuma tsoron da har yanzu ke hana mutane da yawa buɗe jikinsu gaban likita.

Sunayen cuta da masu maganinta a gargajiyance

Yawan sunayen da Bahaushe ya raɗa wa cututtukan fata shaida ce ta irin lurar da ya yi musu. Ya san ƙazuwa, mai ƙaiƙayin dare da ke fara fita a tsakanin yatsu. Ya san makero, wanda ke zagaye a kan yara ya karya gashi, da ƙyasbi mai ɗige-ɗigen haske a ƙirji da baya. Ya bambanta kirci da borin jini, ya bambanta maruru da gyambo. Yana da kalma ga kaushi da faso, waɗanda hunturu ke ƙara wa ƙarfi, yana da ita ga amosanin kai da sanƙo da kwarkwata. Da yawa daga cikin waɗannan sunaye sun dace da rabon da likitocin zamani suka yi wa cututtukan, ko da yake musabbabin da aka jingina musu ya sha bamban. A wancan tunani, sanyi ko zafi ko mataccen jini ake zargi, wani lokaci kuma sammu ko iska.

Mutumin da ya fi kowa kusanci da fatar jama'a shi ne wanzami. Tun ranar suna yake fara taɓa kan jariri, daga nan kuma shi ne mai aski, mai kaciya, mai tsagar gado da ta magani, mai ƙaho don fitar da abin da ake kira mataccen jini. Sana'ar tana da shugabanci a fada, inda ake naɗa Sarkin Aska. Bayan wanzami akwai boka da ɗan magori masu saiwa da sassaƙe, akwai kuma tsofaffin mata a cikin gida, waɗanda ke da ilimin lalle da man kaɗe da man shanu da bagaruwa da sabulun salo.

Ba duk wannan ilimi ba ne ya faɗi a gaban binciken zamani. Farar wuta da ƴan koli ke sayarwa, idan aka kwaɓa ta da mai aka shafa, tana kashe ƙwaron ƙazuwa, kuma da irin wannan haɗi ne likitocin Turai suka yi ta aiki a ƙarni na 19. Man kaɗe yana tausasa busasshiyar fata, yana rage faso. Inda gargajiya ta gaza shi ne wajen yaɗuwar cuta. Aska guda da ta bi kawunan yara goma a zaure tana iya raba musu makeron ɗaya daga cikinsu, kuma babu wanda ya san haka a lokacin.

Tabon da ake tsoro

A bayan dukan waɗannan ƙananan cututtuka akwai wata babba da ke tsaye kamar inuwa. Kuturta takan fara ne da ɗan tabo mai haske ko mai ja-ja, wanda ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi. A ido yana kama da ƙyasbi ko farkon albaras. Sai bayan shekaru, idan cutar ta ci jijiyoyin hannu da ƙafa, mutum ya daina jin zafin wuta da sukar ƙaya, raunuka su yi ta ruɓa, yatsu su gajarce. Tun da babu mai iya faɗin wane tabo ne zai kai ga haka, kowane farin tabo ya zama abin zargi.

Zargin kuma yana da tsada. Jama'a sun ɗauki kuturta cutar gado, don haka kafin a ba da aure akan bincika ko akwai ta a dangi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai sun lissafa kuturta da albaras cikin aibobin da ke ba miji ko mata damar warware aure. Ke nan tabo guda a kafaɗar budurwa yana iya shafar ƙannenta da ba a haifa ba tukuna. Dabarar da ta rage wa iyali ita ce rufewa: a sa riga, a yi shiru, a nemi magani a ɓoye.

Waɗanda cutar ta bayyana a jikinsu sun zama jama'a ta daban. A manyan birane suna da Sarkin Kutare, kamar yadda makafi da guragu ke da nasu, suna rayuwa da bara da sadakar Juma'a. Karin maganar nan ta "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano" tana nuna cewa ba a kore su daga kasuwa ba, amma tana nuna kuma cewa sai da kuɗi a hannu kuturu ke samun abin da mai lafiya ke samu a sauƙaƙe. A Damagaram, unguwar Kara-Kara ta faro ne a matsayin mazaunin kutare a gefen gari. Fim ɗin da Aïcha Macky ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna yadda wariyar ta bi matasan unguwar, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa yin cutar ba.

Yadda aka gano musabbabi

Ilimin da ya warware wannan ruɗani ya taru ne sannu a hankali a ƙasashen Turai, bayan samuwar madubin da ke girmama ƙananan halittu. A 1687 wasu masana biyu na Italiya, Bonomo da Cestoni, suka bayyana cewa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata ya haddasa ƙazuwa. Likitoci ba su yarda ba sai a 1834, lokacin da wani ɗalibi mai suna Renucci ya zaƙulo ƙwaron da tsinin allura a asibitin Saint-Louis na birnin Paris. Dabarar kuwa a wurin matan ƙauyen tsibirinsu na Korsika ya koyo ta.

Wannan asibiti na Saint-Louis shi ne ya zama makarantar likitocin fata na Faransa, kuma daga cikinta ne ilimin ya iso ƙasashen da Faransa ta mallaka. A birnin Paris aka tabbatar, tun daga shekarun 1840, cewa makero aikin wata ƙwaya ce dangin funfuna mai cin gashi. Cutar ta yi yawa a Paris har ana korar yaran da suka kamu daga makarantu, abin da ya sa aka buɗe musu makaranta ta musamman a cikin asibitin a ƙarshen ƙarni na 19. A 1904 likita Raymond Sabouraud ya tsara hanyar zubar da gashin kan yaro da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, don a samu kai wa ga ƙwayar. Hanyar ta gajarta jinya, amma daga baya aka gano ta jawo wa wasu yaran ciwon daji bayan sun girma. Ba a rabu da ita ba sai da aka samu ƙwayar sha mai suna girizeyofulbin a 1958.

Ita kuwa kuturta, a 1873 ne likita Gerhard Armauer Hansen ya ga ƙwayarta a garin Bargen na ƙasar Norwe. Wannan ya rushe zancen gado a wurin masana. An fahimci daga baya cewa ƙwayar tana fita ta hanci da bakin wanda bai sha magani ba, sai an daɗe ana zama tare take kama wani, kuma kusan kashi 95 cikin 100 na mutane jikinsu yana kashe ta da kansa. Tana iya kwanciya shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kafin ta nuna alama. Zaman gida ɗaya ne ya sa ake ganinta a dangi ɗaya, har aka zaci jini ne.

Zamanin Turawa: Bamako, Danja da masu keke

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta damu da ƙazuwa ko makero ba. Hankalinta yana kan cututtukan da ke rage yawan masu aiki da masu biyan haraji. A 1935 ta buɗe babbar cibiyar kuturta ta Afirka ta Yamma a Bamako, wadda daga baya aka sa wa sunan likita Émile Marchoux. A 1945 aka kafa hukumar likitoci masu yawo, mai mazauni a Bobo-Julaso, wadda ke bin ƙauyuka tana tara jama'a ana duba su ɗaya bayan ɗaya don neman ciwon barci da kuturta. Maganin farko shi ne man ƴaƴan wani icce na ƙasar Indiya, wanda ake yi wa mutum allurarsa a fata. Yana da zafi ƙwarai, amfaninsa kuma kaɗan ne.

A ƙasar Hausa ƴan mishan sun riƙe babban kaso na wannan aiki. A 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi gudanar da sansanonin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, wato Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. A ɓangaren Nijar ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan cibiyar kutare ta Danja, ƴan kilomitoci kudu da Maraɗi, a 1956. A waɗannan wurare majinyata kan zauna shekaru, suna noma, suna karɓar magani, wasu ma a can suka yi aure suka hayayyafa.

Sauyi na gaske ya zo da magungunan da ake kira sulfon. An fara gwada ɗaya daga cikinsu a Carville ta Amurka a 1941. A ƙarshen shekarun 1940 likita John Lowe, yana aiki a Uzuakoli ta kudu maso gabashin Najeriya, ya nuna cewa ana iya ba da dafson a matsayin ƙwayar sha mai arha. Daga nan ba dole ba ne a tsare mutum a sansani. A ƙasashen renon Faransa aka tsara zagaye: ma'aikaci ya hau keke ko doki, ya bi ƙauyuka a ranakun da aka ƙayyade, ya raba ƙwaya a gindin icce, ya rubuta a littafi. A daidai wannan zamani ne Bafaranshen nan Raoul Follereau ya ƙirƙiro Ranar Kutare ta Duniya a 1954, wadda ake yi a Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, kuma gidauniyar da ke ɗauke da sunansa ta daɗe tana tallafa wa wannan aiki a Nijar.

Waɗannan masu zagaye suna cikin farkon ƴan ƙasa da aka koya wa karatun fata. Domin su gane kuturta, dole su san abin da ba ita ba. Gwajin da aka koya musu ba ya bukatar na'ura: a sa mutum ya rufe ido, a taɓa tabon da ɗan silin auduga, a ce ya nuna inda aka taɓa. Ƙyasbi yana jin auduga, kuma idan aka kankare shi yana fid da ɗan gari. Albaras fari ne fat, shi ma yana ji. Tabon kuturta ne ba ya ji. Da wannan auduga aka wanke mutane da yawa daga zargin da ya hana su barci.

Magani uku da abin da ya biyo baya

Dafson yana da aibi biyu: ana shan sa shekaru masu yawa, wasu har iyakar rai, sannan a shekarun 1970 ƙwayar cutar ta fara gagarar sa a ƙasashe da dama. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku: dafson, da rifamfisin, da kilofazimin, wanda shi ma a Uzuakoli aka fara gwada shi a farkon shekarun 1960. Tun daga 1995 ake ba da wannan haɗi kyauta a duk duniya. Mai ƴan tabo kaɗan yana warkewa cikin wata 6, mai yawa cikin wata 12, kuma da zarar ya fara sha ya daina yaɗa cutar.

A 1991 babban taron hukumar ya sa burin rage masu cutar zuwa ƙasa da mutum 1 cikin 10.000. Nijar ta kai wannan matsayi a farkon shekarun 2000. Amma cutar ba ta ƙare ba. Ana samun sababbin masu ita kusan dubu 200 a duniya kowace shekara, a Nijar kuma ɗaruruwa, wasunsu ba sa zuwa sai yatsu sun riga sun lanƙwashe. Magani yana kashe ƙwayar, amma jijiyar da ta mutu ba ya tashe ta.

Da kutare suka ragu, sai gidajen da aka gina dominsu suka buɗe ƙofa ga sauran jama'a. Danja ta zama asibitin kowa da kowa, har aka ƙara mata sashen masu yoyon fitsari a 2012. Cibiyar Marchoux ta rikiɗe ta zama asibitin fata na Bamako. Cibiyar da ke Yamai tana ɗauke da sunaye biyu a haɗe, na fata da na kuturta. A Mali, a farkon shekarun 2000, likita Antoine Mahé da abokan aikinsa suka nuna cewa horon yini guda ga ma'aikatan ƙananan asibitoci, a kan cututtukan fata kaɗan da suka fi yawa, ya kusan ninka adadin waɗanda ake gano ciwonsu daidai a ba su maganin da ya dace. Darasin yana da nauyi ga ƙasa irin Nijar, inda ƙwararrun likitocin fata ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna babban birni.

Abin da likitan fata ke yi a yau

Mafi yawan masu zuwa wurin likitan fata a yau, cututtukan nan ne masu tsofaffin sunaye ke kawo su. Ga ƙazuwa, ana shafa ruwan benzowat na benzil ko man farmetirin a dukan jiki daga wuya zuwa ƙafa, ko a sha ibermektin. Sharaɗin shi ne a yi wa dukan mutanen gida a lokaci guda, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya su a rana, in ba haka ba ta dawo. Ba ƙaramar cuta ba ce kamar yadda ake ɗauka: susa tana buɗe fata, ƙwayoyin cuta su shiga, a wasu yaran har su taɓa ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Wuraren kwanan jama'a da yawa, kamar makarantun allo da na kwana da gidajen kaso, su ne gonarta.

Makeron kai ba ya jin man shafawa kaɗai, domin ƙwayar tana cikin silin gashi. Sai an sha girizeyofulbin mako 6 zuwa 8, an daina haɗa mataji da hula, an tsabtace askar mai aski. Idan aka bar shi ya kumbura ya yi mugunya, yana iya barin tabon da gashi ba zai sake fitowa ba. Ƙyasbi yana jin sabulun ruwa ko man da ke kashe funfuna, sai dai hasken tabon yakan ɗauki watanni kafin ya koma daidai, kuma yana son dawowa da zafi da gumi. Farcen da ya yi kauri ya dafe, sau da yawa funfuna ce ta shige shi. Maganinsa na sha ne, kamar mako 6 ga na hannu, 12 ga na ƙafa, kuma sai sabon farce ya tsiro ake ganin sakamako, alhali na hannu milimita uku kacal yake yi a wata. Zubewar gashin goshi da ake gani ga mata da ƴan mata kuwa, yawancinta daga matsattsen kitso ne da ƙarin gashi mai nauyi. Idan aka sassauta da wuri gashin yana dawowa, idan an daɗe saiwarsa ta mutu.

Wata matsala kuma sabuwa ce, daga kanti da teburin ƴan tireda take fitowa. A 1952 aka fara amfani da man kortizon a fata, ya zama babban magani ga kirci da kumburi idan likita ya ƙayyade shi. Jikokinsa masu ƙarfi, tare da hidirokinon da zaiba, su ne ke cikin mayukan bilicin da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba. Suna sa fata ta yi siriri, ta yi nankarwa da ƙuraje, fuska ta yi baƙin tabon da ke wuyar fita, wasu kuma suna jawo hawan jini da ciwon suga, zaiba tana lalata ƙoda. Suna kuma ɓadda kamannin cuta: makeron jiki da aka shafa wa irin wannan mai yakan lafa ya bazu a ƙarƙashi, har likita ya sha wuyar gane shi. Kodebuwa ta haramta waɗannan mayuka a 2015, wasu ƙasashen Afirka suka bi sahu, amma kasuwarsu ba ta mutu ba.

Kammalawa

Cikin shekaru ƙasa da ɗari, ƙasar Hausa ta tashi daga zamanin da tabo guda ke raba aure zuwa zamanin da ake warkar da kuturta cikin wata shida kyauta. Abin da bai sauya da wannan sauri ba shi ne ɗabi'ar rufewa. Uwa tana sa wa yaro hula ya tafi makaranta da makero, budurwa tana shafa man kanti a kan tabon da ya kamata a gwada da auduga, magidanci yana jira sai hannu ya mutu. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar zuwa likita ma haka take. Malamin makaranta, na boko ko na allo, yana ganin kawuna da hannuwan yara fiye da kowane ma'aikacin lafiya, kuma ƙungiyoyin raya al'adu suna da wasan kwaikwayo da rediyo da kunnen jama'a. Abin da aka koya wa masu keke a shekarun 1950 bai fi ƙarfinsu ba: yaran da ke susa tare a yi musu magani tare, kan da gashi ke karyewa a tura shi asibiti, farin tabon da ba ya jin taɓawa kuma kada a bari ya kwana biyu ba a nuna shi ga likita ba.